Rijiyar da Kuka Haƙa Tsakanina da Binta

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Sashen Sauraron Koke-koken Jama'a,
Kamfanin Ɗanyen Ganye, masu wasan waya na "Gona a Tafin Hannu",
Duk inda ofishinku yake, in har yana da ƙofa.

Yallaɓai,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da tambayar lafiyarka da ta iyali, da ta ma'aikatanka, da ta injinan da kuke ajiye mana gonakinmu a ciki, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, a kan kujerar da ba ta nutsewa da mutum. Mu ma a nan Kafanchan lafiya lau muke, mun gode wa Ubangiji, sai ɗan abin da ba a rasa ba, wanda shi ma ku ne kuka kawo mana shi.

Sunana Roseline Azariya, haifaffiyar Madakiya, malamar firamare mai ritaya. A cikin wasanku an san ni da MamaCitta. Shekara talatin da biyar na yi ina koya wa 'ya'yan mutane rubuta wasiƙa cikin ladabi, saboda haka ka kwantar da hankalinka, ba za ka ji zagi daga bakina ba. Na zaɓi in rubuta wannan a bainar jama'a ne domin na rubuta muku a asirce har sau goma sha ɗaya, kuma kowane karo wani bawan Allah mai suna Jason ne ke tare ni a bakin ƙofa. Za mu zo kansa.

Abin da ya kawo ni wurinka langa ce, Yallaɓai. Langar ƙarfe mai murfi, fara mai jajayen furanni, gefenta ɗaya ya ɗan kwarzane. Tana kan teburina yanzu haka, a wanke tas, ko ƙwayar shinkafa babu a ciki. Shekara ashirin da tara wannan langa tana kai da komo tsakanin gidana da gidan ƙawata Hajiya Binta mai sayar da citta a kasuwa. Da Kirsimeti in cika ta da shinkafa da kaza in aika, da Sallah ta dawo mini da nama da masa, tsakanin nan kuma duk wadda ta dafa abin da ya yi mata daɗi sai ta tuna da 'yar uwarta. Har mun manta wace ce ta saye ta a cikinmu. Ba ta taɓa dawowa fanko ba sai wannan karon, ga shi Kirsimeti saura mako uku. Ina roƙon ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe, za ka ga inda hannun kamfaninku ya shiga cikin langar.

Binta ce ta sa mini wasanku a waya, shekarar da cuta ta cinye cittar gaske a gonaki, kasuwarta ta yi sanyi, ni kuma gwiwa ta hana ni sunkuyawa da fartanya. Ta miƙo mini wayar ta ce, "Rosi, ga gonar da ba ta sa ciwon baya." Na shiga da niyyar in gwada minti biyar, ga shi yau shekara biyu. A cikin wasan gonakinmu maƙwabta ne, akwai wata 'yar siririyar hanya tsakaninsu wadda mu biyu kaɗai muke bi. Sauran jama'a ta babban titi suke zuwa.

To, kun sa wani madanni mai suna "Taimaki Maƙwabci". Na ji an ce a wasu garuruwan mutane kan danna shi ne in sun ga dama. Mu nan ba haka muka taso ba. Da muka ga kun rubuta cewa babban girbi sai da hannu goma sha huɗu cikin rabin awa, muka gane gayya kuke nufi, kunyar faɗa kawai kuke ji. Muka haɗu mu goma sha huɗu, bakwai daga zumuntar mata ta majami'armu, bakwai daga layin 'yan citta da 'yan manja, muka naɗa Afiniki shugaba saboda ta fi kowa murya. Kowace Alhamis ranar mace ɗaya ce. Mai ranar za ta dafa abinci na gaske, mu taru a gidanta, mu ci, mu wanke hannu, sannan da ƙarfe huɗu kowa ta ɗauki wayarta mu shiga gonarta. Dokar gayya guda ɗaya ce tun zamanin kakanninmu: wadda ta ci abincin gayya sai ta yi aikin gayya. Uzuri biyu kaɗai ake karɓa, haihuwa da mutuwa, ita ma mutuwar sai in ke ce kika mutu.

Yanzu ga koke-kokena, na jera su daga ƙarami zuwa babba, kamar yadda na saba jera yara a layi.

Na ɗaya. Akuyata ta maƙale a bangon rumbu wata huɗu ke nan, kai a ciki, wutsiya a waje. Tana ci, tana ba da nono, ba ta taɓa kuka ba. Ba ƙorafi nake yi sosai ba, so nake ka gaya mini irinta da kasuwar da ake samunta, domin akuyoyin bayan gidana ba su da rabin wannan tarbiyya. Kajina kuwa sun daina taka ƙasa tun watan Agusta, a sama suke kiwo daidai tsayin rufin ɗaki. Sannan cittarku tana nuna cikin awa huɗu. Maigidana Azariya ya yi shekara arba'in yana jiran citta wata takwas a ƙasa. Ranar da na nuna masa, ya daɗe yana kallon allon, sannan ya tashi ya fita. Ina ganin ya cancanci a ba shi haƙuri a rubuce.

Na biyu. Wannan 'yar da'ira da ke juyawa tana cewa "Ana haɗawa". Me ake haɗawa, Yallaɓai? Da wa? Na taɓa ɗora wake a wuta da'irar tana juyawa, waken ya nuna, muka ci, na wanke tukunya, na dawo na tarar har yanzu ana haɗawa. Na san za ka ce laifin sabis ne. Ina tabbatar maka cewa a gindin mangoron bayan gidana sabis cike yake, har maƙwabta kan zo su ara. A nan nake zama, kuma a nan ɗin ma ana haɗawa.

Na uku. Sabuntawar da kuka yi a watan jiya. Kun aiko da saƙo cike da farin ciki cewa kun ƙara rijiya "domin ƙawata ƙauye". Wa ya roƙe ku? Wa ya kai muku labarin muna fama da ƙishirwa? A garinmu, kafin mutum ya haƙa rijiya a bakin hanya sai ya sanar da mai unguwa, ya yi mata murfi, ya gaya wa maƙwabta su kula da yara. Ku kuwa kuka zo kuka haƙa taku a tsakiyar 'yar hanyar nan da ke tsakanina da Binta, babu sallama, babu murfi, babu ko guga.

Na huɗu, wanda shi ne gundarin maganar. Ranar gayyar Binta ta faɗo Alhamis ɗin da 'yar ƙanwata take aure a Kagoma. Na je na same ta a rumfa tun ranar Talata na ce mata jikina zai tafi Kagoma amma hannuna yana gonarta, ƙarfe huɗu daidai za ta gan ni ta waya. Girbin nan ba ƙarami ba ne a wurinta. Cittar babban girbi ba irin mai awa huɗun nan ba ce, mako shida ta yi tana kula da ita, domin ita ce za ta ɗora ƙungiyarmu a kan ƙungiyar wani Wilfred na Sabon Tasha, wanda ya daɗe yana aiko mana da hoton fuska mai dariya. Matar da cittar gaske ta ruɓe mata a hannu, ka san yadda za ta riƙe wadda ba ta ruɓewa. Saboda karamcinta, da sassafen ranar ta aiko mini da rabona a cikin langa, masa mai zafi da miyar taushe. Na ci, Yallaɓai. Ina so a rubuta wannan a fayil ɗinku. Na ci, Azariya ya ci, har na suɗe murfin.

Huɗu saura minti goma na baro wurin biki ana tsakiyar rawa, na hau wani tudu bayan majami'ar Kagoma da ashobina, wato ankon bikin, da ɗaurin kaina, na ɗaga waya sama har ta kama. Na saɓa fartanya a cikin wasan, na bi 'yar hanyarmu kamar kullum. Taku uku na yi, sai ƙasa ta haɗiye ni. Na tsinci kaina a cikin rijiyarku, ruwa har wuya, fartanya a kafaɗa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne 'yar matar da kuka zana a madadina murmushi take yi tana ɗaga hannu. Na danna gaba, ta yi murmushi. Na danna baya, ta ɗaga hannu. Na kashe na kunna, ana haɗawa. Na kira Binta sau shida, amma wace mace ce za ta ɗauki kira tana tsakiyar girbi da wayar a hannunta? Ina tsaye a kan tudun nan rabin awa ya cika. Hannu goma sha uku suka yi aiki, na goma sha huɗu yana rijiya, cittar Binta ta yi baƙi ta ruɓe a gaban idonta. Wilfred ya aiko da fuska mai dariya guda uku.

Na biyar. Da a ce sauran matan sun gan ni a rijiyar, da yanzu addu'a ake yi mini. Amma kamfaninku mai hikima ya ga bai dace a tayar wa jama'a hankali ba. A wayoyinsu duka goma sha uku, abin da suka gani shi ne ni a ƙofar gidana ina rawa. Rawa, Yallaɓai! Da karkaɗa kafaɗa da juyi, tun daga farkon girbin har ƙarshensa. Ga shi kowa ya san biki na tafi. Ka gaya mini, in kai ne Binta, me za ka ɗauka? Kuma don Allah, wa ya koya wa wannan matar irin wannan rawar? Ni dattijuwa ce a majami'a, ko a bikin 'yata Joanna ban juya haka ba.

Da na dawo, Afiniki ta tare ni tun daga bakin titi, ban ko sauka daga acaba ba. Ta ce, "Mama Joanna, kai ya ci masa na mutane, kai ya je ya yi dancing. Mun gani da ido namu. Abeg kar ka ce mini network." Aka yanke mini hukuncin wanke kwanukan gayya biyu masu zuwa, na kuwa wanke, wannan bai dame ni ba. Binta ce ta dame ni. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da na ji sauƙi. Na je rumfarta na ba ta labarin rijiya tun daga farko, ta saurara har na gama, ta ce, "Allah ya kyauta, Malama." Malama! Matar da take kirana Rosi tun ina goyon Joanna. Na koma gida na dafa paten acca irin wanda take so, na cika langar na aika. Ta karɓa, ta yi godiya mai kyau, ta raba wa maƙwabtan rumfa, ta wanke langar ta dawo mini da ita haka nan. Ranar na zauna a gindin mangoro na yi kuka sosai, ba na jin kunyar faɗa.

Na shida. Jason. Ina so in fara da yaba wa wannan ma'aikaci naku, domin ban taɓa ganin mutum mai saurin amsa wasiƙa irinsa ba. Kafin in ɗauke yatsa daga allo ya riga ya amsa. Yaushe yake karantawa? Yaushe yake cin abinci? Yana da iyali? Na rubuta masa shafi guda a kan rijiya da masa da langa, ya ce, "Muna godiya da haƙurinka, manomi mai daraja. Ka gwada goge wasan ka sake sawa." Na bi umarninsa, domin ni mai biyayya ce ga hukuma. Na goge na sake sawa, sai ga ni a ƙofar gidana a bushe, kamar ban taɓa ganin ruwa ba. Sai a lokacin na gane abin da na yi. Shaidata guda ɗaya a duniya ita ce ni a cikin rijiya, kuma Jason ya sa na goge ta da hannuna. Akwai dai hoton allon da Azariya ya ɗauka mini a Kagoma da 'yar ƙaramar wayarsa, amma abin da ya fito babban yatsansa ne da wani yanki na sama.

Na kira Afiniki gida domin in faɗa rijiyar a gabanta ta gani. Na bi hanyar nan sau bakwai, ina tafe ina dawowa ta kan bakin rijiyar, ko santsi ban yi ba. Afiniki ta sha kununa kofi biyu, ta kalle ni da tausayi, ta ce in riƙa shan maganina a kan lokaci. Na sake rubuta wa Jason, ya ce sun bincika ba su ga wata matsala ba, yana kuma godiya da haƙurina. A wasiƙa ta bakwai na ce a haɗa ni da na gaba da shi. Nan take wata Catherine ta bayyana, ta ce tana godiya da haƙurina, in gwada goge wasan in sake sawa. Yallaɓai, uwarsu ɗaya da Jason? In haka ne a gaishe ta, ta yi tarbiyya, baki ɗaya suke magana. Kuma wannan haƙuri nawa da kuke ta godiya a kansa, ina kuke kai shi? Kun karɓa sau goma sha ɗaya, ban ga an dawo mini da ko ɗaya ba.

Na bakwai. Diyya. Bayan duk wannan, kamfaninku ya tausaya ya aiko mini da kyauta domin ya share mini hawaye, wato hular ciyawa mai ja da kore, ta mutum-mutumin da ke korar tsuntsaye a gonata. Na gode ƙwarai. Ta yi masa kyau, tsuntsaye ma sun fi zuwa yanzu domin su kalla. Daga nan sai wani allo ya fito yana tambayata ko Jason ya warware matsalata, in ba shi taurari biyar. Na nemi inda zan danna in ba shi shawara, ban samu ba.

Saboda haka ga buƙatata, guda ɗaya ce tak. Ba na son hula, ba na son lu'ulu'un wasa, ba na son wata akuyar. Takardar shaida nake so, mai hatimin kamfani da sa hannun mutum mai jini a jika, wadda za ta ce ranar Alhamis ɗin nan, da ƙarfe huɗu saura, Roseline Azariya ta saɓa fartanya ta nufi gonar Hajiya Binta, rijiyar kamfani ce ta tare ta, kuma matar da aka gani tana rawa ba da yawunta ta yi ba. Na san injinanku suna rubuta komai, tunda sun san ranar haihuwata har suna taya ni murna. A aiko da takardar kafin Kirsimeti. In ba haka ba, ban san inda zan kai shinkafar bana ba. Zan dakata a nan, domin gobe Alhamis ce kuma gayyata ce, akwai acca da zan wanke.

Yallaɓai, na dawo. Yau Jumma'a, kuma ina roƙon ka gyara zama.

Jiya mata suka taru a gindin mangorona, mu goma sha uku. Binta ta aiko cewa ana loda mata buhunan citta a kasuwa, ba za ta iya barin rumfa ba, amma za ta shigo ta waya, domin ita in ta ci abincin gayya tana yin aikin gayya. Na gane inda maganar ta dosa, na haɗiye. Na zuba mata rabonta a langa na ba mai acaba ya kai. Ƙarfe huɗu muka wanke hannu muka ɗauki wayoyi. Mata suna ta shigowa gonata ta babban titi, ina ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, ina satar kallon 'yar hanyarmu. Shiru. Can sai wata ta ce, "Kai! Ku duba ƙofar Hajiya." Muka duba. Ga Binta a ƙofar gidanta, da mayafinta da komai, tana karkaɗa kafaɗa tana juyi.

 Afiniki ta dafa ƙirji ta ce, "Hajiya ya rama. Wallahi ya rama, ko kunya babu." Ni kuwa dariya ce ta kama ni har wayata ta faɗi a cinya, suka zaci abin ya taɓa mini kai. Na ce musu kowa ta ci gaba da aiki, mu ba ta minti goma sha biyar, domin na san nisan kasuwa da gidana.

Minti goma sha biyu ta yi. Muka ji acaba ya tsaya da ƙarfi a ƙofar gida, sai ga Hajiya Binta, matar da ban taɓa ganin ta yi sauri ba ko ana ruwa, ta shigo da takalmi ɗaya a ƙafa, mayafi ya karkace, ta ɗaga waya sama da hannu biyu kada allon ya mutu. Ta bar buhunanta da masu lodi a kasuwa. Tun daga zaure take kira, "Rosi! Rosi, rijiya! Wallahi akwai rijiya! Ku zo ku gani, ga ni a ciki, 'yar banzar sai murmushi take yi!" Mata suka yi caa a kanta. Ga ta nan kuwa, ruwa har wuya, fartanya a kafaɗa, tana ɗaga hannu. Aka jera wayarta da ta Afiniki, a ɗaya tana nutso, a ɗaya tana rawa. Binta ta kalli rawar da kyau ta ce, "Innalillahi. Haka kuka ga Rosi ranar?" Aka ce mata haka. Ta juyo ta dube ni, ta buɗe baki za ta ba ni haƙuri. Ni kuwa ban bari ta ce komai ba, domin Rosin nan da ta kira tun daga zaure ya ishe ni.

A nan ne na gano abin da Jason da Catherine da dukkan injinanku suka kasa ganowa. Rijiyarku ba ta haɗiye mutum sai ranar da jama'a suka taru gaba ɗaya, shi ya sa ta ƙi ni ranar da na gwada mu biyu da Afiniki. Na ba ku wannan binciken kyauta. Domin in tabbatar wa taro, na bar cittata a tsakiyar girbi, na saɓa fartanya, na bi 'yar hanyar a gaban idon kowa. Taku uku, na faɗa. Kuma ka san abin da na tarar a ƙasa? Binta. A wayata da tata, ga mu nan mu biyu kafaɗa da kafaɗa a cikin ruwa, muna murmushi muna ɗaga wa juna hannu. A sauran wayoyin kuma, tsofaffi biyu suna cashewa kowace a ƙofar gidanta. Afiniki ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Rabin awa ya cika, cittata ta mako biyar ta yi baƙi ta ruɓe, Wilfred ya aiko da fuskokinsa. Ban taɓa yin asarar da ta yi mini daɗi irin wannan ba.

Don haka ina neman izinin gyara buƙatata. Takardar shaidar nan ku bar ta, kada Jason ya wahala, an riga an ba da shaida. Hular mutum-mutumi zan riƙe. Akuya ma a bar ta inda take, mun saba. Afiniki ta roƙi a gaya muku cewa za ta wanke kwanukan gayya biyu masu zuwa da kanta, amma wannan tsakaninmu ne. Game da rijiya, ra'ayin ƙungiya ya rabu. Wasu sun ce a cike ta, wasu sun ce a bar ta sai an ga ko akwai hanyar da za a bi a gayyato Wilfred ya ratsa ta wurin. Na bar wa hikimarka.

Abu ɗaya ne ba na so a yi kuskure a kansa. Har yanzu muna ciki, ni da Binta. Jiya da yamma ta rubuta wa Jason, ya gode mata da haƙurinta, ya ce ta goge ta sake sawa, ta ce ba inda za ta je ta bar ni. Ni ma na ce haka. In ma'aikatanka za su zo ceto, su zo da igiya biyu. In igiya ɗaya kamfani yake da ita, a fara fitar da Binta, ita ke da rumfa. In kuwa babu ko ɗaya, kada ku damu, ba mu gaggawa, wurin da sanyi kuma da abokiyar hira.

Ina cikin rubuta wannan layin ne mai acaba ya yi sallama a ƙofa. Langar ce. Ya riƙe ta da hannu biyu yana ƙorafin nauyi, an ɗaure murfin da ɗankwali saboda ya ƙi rufuwa. Azariya ya riga ya wanke hannu, saboda haka dole in taƙaita.

Ina miƙa gaisuwar girmamawa gare ka, da Jason, da Catherine, da mahaifiyarsu. Ubangiji ya ƙara wa kamfani ɗaukaka, ya kiyaye ƙafafunku daga abin da hannuwanku suka haƙa.

Taka mai biyayya, ruwa har wuya, hannu a sama,

Roseline Azariya (MamaCitta),
Malama mai ritaya, Kafanchan.

Na karanta wa Hajiya Binta ta waya, ta ce a sa sunanta a nan kusa da nawa.